Intanet ta Waya ko ta Iska: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Zama a Sandamu?

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, matasa da yawa sun fara lissafi kafin su sayi data. Tambayar da ake yawan yi ita ce: a jawo faiba, ko a tsaya ga rauta da MiFi?

Yadda kowacce take aiki

Faiba siririn zaren gilashi ne da ake binnewa a ƙasa ko a rataya a fal, yana ɗauko bayanai ta hanyar haske har cikin gida. Ita kuwa ta iska, wato 4G da 5G, daga dogon ƙarfen sabis take zuwa, kuma duk wanda ke kusa da ƙarfen nan tare kuke raba ƙarfinta. Shi ya sa bidiyo ke tafiya lafiya lau bayan asuba, amma da dare ya riƙa tsayawa.

Sauri da tsada

Wajen sauri da rashin yankewa, faiba ce a gaba, musamman ga mai ɗora bidiyo a YouTube ko TikTok. Yawanci kuɗin wata ake biya, ba a ƙirga maka gigabait. Matsalarta ita ce sai inda aka shimfiɗa ta. Kamfanoni sun fi kai ta unguwannin manyan birane irin su Legas, Abuja da Kano, inda masu biya ke da yawa. Kuma idan masu aikin titi suka tsinke ta, sai jiran gyara.

Ta iska ba ta buƙatar haƙa rami. Ka sayi rauta yau, ka fara aiki yau, in za ka Daura ka jefa MiFi a aljihu. Amma ka kula da tsarin da ake cewa ba shi da iyaka: yawancinsu in ka kai wani adadi, sai a rage maka sauri.

Akwai kuma Starlink mai amfani da tauraron ɗan'adam, wadda ta shigo Najeriya a Janairun 2023. Tana aiki har a ƙauye, sai dai kayanta da kuɗin watanta sun fi ƙarfin mutum ɗaya, tana son wuta a kai a kai, kuma ruwa mai ƙarfi kan rage mata ƙarfi. Ta fi dacewa da makaranta, shagon kwamfuta ko maƙwabta da suka haɗa kuɗi.

Kafin ka fitar da kuɗinka

Ka ari layin MTN, Airtel da Glo, ka gwada saurinsu a ɗakin da za ka ajiye rautar, da safe da kuma dare. Saurin megabit 10 a daƙiƙa zai sauke maka gigabait ɗaya cikin minti 14 ko ƙasa da haka. Sannan ka raba kuɗin tsarin da yawan gigabait ɗinsa, ka ga nawa kowane ɗaya ya kama. Kada ka manta da wuta: ko faiba ce, in KEDCO ta ɗauke, rauta ma ta mutu, sai da sola ko ƙaramin batir.

Ga mai waya ɗaya a Sandamu, rautar 4G ta kamfanin da ya fi ƙarfi a unguwarku ta wadatar. Ranar da faiba ta iso ƙofar gidanku, kuma kuna da yawa, sai ku sake lissafi.