Mota Mai Lumshe Ido da Yadda Ake Gyaran Fitilarta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wata irin tsohuwar mota wadda fitilunta na gaba suke kwance cikin bonet da rana, in dare ya yi direba ya murɗa makunni sai su ɗago kamar mutum ya farka daga barci. Akan ga ɗaiɗaikunsu a nan Illela, musamman ran Lahadi da kasuwa ke ci, kuma sau da yawa za ka tarar ido ɗaya buɗe, ɗaya rufe. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan ciwo galibi ƙarami ne, yana kuma da magani mai araha in an bi shi daki-daki.

Asalin wannan dabara daga Amurka take. A shekarar 1936 aka fito da wata mota mai suna Cord 810, wadda direba ke ɗaga fitilunta da hannu ta hanyar juya wani ɗan mariƙi. Daga baya dokar ƙasar ta ƙayyade girman fitila da tsayinta daga ƙasa, alhali masu ƙera motoci suna son hancin mota ya yi ƙasa don ta riƙa keta iska. Sai suka ga mafita ita ce a ɓoye fitila da rana, a ɗaga ta da dare. Japanawa suka ɗauki dabarar, suka sa ta a Honda Prelude daga 1983 zuwa 1991, da wasu Honda Accord na 1986 zuwa 1989, da Toyota Celica, da Mazda 323F ta 1989 zuwa 1994. Irin waɗannan ne suka iso mana cikin motocin Kwatano, waɗanda a shekarun baya ake bi da su ta Gaya da Dosso har Ƙonni, kafin gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a watan Janairun 2017.

Tun 2004 manyan kamfanoni suka daina yin wannan fitila, domin an sami ƙananan fitilu masu haske sosai, kuma an lura ido mai tsini yana ƙara wa mai tafiya a ƙasa rauni in an buge shi. Kun ga ke nan sabon kayan gyaranta wuyar samu gare shi. Wanda ya jefar da nasa, da ƙyar zai sami madadi.

To, yaya abin yake aiki? A bayan kowace fitila akwai ɗan ƙaramin injin lantarki, ɗan'uwan wanda ke kaɗa waifa. In wuta ta shige shi, sai ya juya wani ƙarfe mai zare kamar noti, shi kuma ya juya wani faifai mai haƙora, wanda galibi na roba ne mai tauri. Faifan yana da hannu, hannun yana haɗe da sanda, sandar ce ke tura fitila. Rabin zagaye ya ɗaga ta, sauran rabin ya kwantar da ita. A cikin injin kuma akwai 'yan harsunan tagulla da ke yanke wuta da zarar fitila ta kai inda ake so. Sai fis da rile, watau masu tsaro da ba da hanya ga wutar.

Babban abokin gaban wannan inji a ƙasarmu shi ne ƙura. Da hunturu, bujin da ke taso mana daga arewa yakan shiga ta inda robar murfi ta tsage saboda zafin rana. In ya gauraya da tsohon giris sai ya daskare kamar yumɓu, ya riƙa cin haƙoran faifai. Da damina kuma ruwa ya shiga, tsatsa ta kama maƙalan fitila da bakin wayoyi.

A lokacin hutu nakan zauna garejin kawuna, wanda mai wayarin ne, kuma na lura kafin ya ɗauki sifana sai ya kasa kunne tukuna. In idanu biyu suka ƙi tashi gaba ɗaya, fis ko makunni yake fara dubawa. In ɗaya ne kawai, kuma ana jin gurnani amma fitila ba ta motsi, to, haƙora sun cinye ko sanda ta zare daga gurbinta. In shiru ake ji, sai a duba wayar da ke ɗaure a jikin mota ko ta yi tsatsa, da 'yan gawayin nan biyu na cikin inji ko sun ƙare. In fitila tana ta kiftawa ba ta tsayawa, harsunan tagulla ne suka yi datti, ko rile ya maƙale. A motar da kowane ido ke da nasa rile, akan musanya na mai lafiya da na maras lafiya. In ciwon ya koma ɗaya gefen, an gane mai laifi ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kafin a sa hannu, lalle ne a cire kan batir, domin injin yana iya tashi ba zato ya datse wa mutum yatsa. Sa'an nan a yi wa hannun faifai alama da alli ko ƙusa, don a mayar da shi daidai yadda aka same shi. A kwance injin, a wanke tsohon giris da kananzir, a bari ya bushe. A goge harsunan tagulla da samfefa mai laushi, a canja gawayi in sun gajarce, a shafa sabon giris kaɗan, a kuma ɗiga mai a maƙalai. Kada a manta da robar murfi, don ita ce ƙofar ƙura. In an gama, a tsayar da mota gaban bango da dare a daidaita hasken.

Ga wani abu kuma da yawancin direbobi ba su sani ba. A jikin injin akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin hular roba. In fitila ta ƙi tashi a kan hanya, a cire fis ɗinta, a riƙa murɗa maɓallin da yatsu har ta miƙe. Wannan ya fi a ɓanɓare ta da sukundireba a tokare da kara, ko a ɗaure da waya. Fitilar da aka tokare rawa take yi a cikin gargada, wani lokaci ta haska sama ta kashe wa mai tahowa ido, wani lokaci ta faɗi ana tsakiyar gudu.

Wannan ba abin wasa ba ne. Hanyarmu ta zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware ba ta rabuwa da manyan motocin shanu da albasa, ga amalanke da dabbobi masu tsallakawa. Mota mai ido ɗaya da dare, mai tahowa zai ɗauka babur ne, ya ba ta 'yar hanya kaɗan, sai an zo gab da juna ya gane kuskurensa. Kuɗin giris da fis ba su kai na kwana ɗaya a asibiti ba, balle rai.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masu irin wannan mota su riƙa kai ta a wanke mata injin fitila kafin shigowar hunturu, domin rigakafi ya fi magani. Mu kuma ɗalibai, darasin lantarki da muke yi a aji shi ne dai a cikin bonet. Mu riƙa leƙawa gareji muna tambaya. Allah Ya kiyaye mu da haɗarin hanya, amin.