Kalmar "Native" a Jaridun Arewa, da Yadda Hausa Ta Karɓe Ta

Daga cikin sifofin Turanci da suka yawaita a jaridun Nijeriya ta Arewa tsakanin 1940 da 1960, da wuya a sami wadda ta kai "native" aiki. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta kuwa abin da aka haifa a wuri, ba kawo shi aka yi ba. A bakin Bature a ƙasarsa ba ta da wani aibi, yakan faɗe ta game da garin haihuwarsa ko harshen iyayensa. Amma a ƙasashen da Ingila ta mallaka sai ta sami fuska biyu.

Fuska ta farko ta mulki ce. Dokokin 1916 da 1933, da kuma dokar Jihar Arewa ta 1954, su suka kira sarki da majalisarsa "Native Authority". Saboda haka jarida kamar Nigerian Citizen, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1948, ba ta da makawa sai ta liƙa sifar ga hukuma da kotu da ma'aji. Fuska ta biyu kuwa ta raini ce, watau inda aka mai da sifar suna, aka tara dukan baƙaƙen fata a cikinta don a bambanta su da Turawa. Wannan ita ce 'yan boko suka ƙi jini.

Abin lura shi ne, masu fassara labarai a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ba su ba sifar kalma guda ba. Dalili kuwa, Hausa ba ta da sifofi da yawa irin na Turanci, kuma galibin abubuwan da ake sifantawa suna da sunayensu tun kafin zuwan Turawa. Hanya uku aka bi. Ta farko, a kira abu da sunansa: Baitulmali, kotun alƙali, 'yan doka. Ta biyu, in mutum ake nufi, a jingina shi ga garinsu, a ce mutumin Gwarzo, ko Bakano, ko ɗan ƙasa. Ta uku, a ɗauki baƙaƙen farko na sunan hukumar, N da A, a haɗa su yadda Turawa ke furta su, su zama En'e.

Misali, a ɗauki manomi a Lakwaya, ta ƙasar Gwarzo. Ya biya haraji ga mai unguwa, kuɗin ya bi ta hannun dagaci da hakimi har Baitulmalin Kano. In ya ƙi biya, ɗan doka ya kai shi gaban alƙali. Labarin nan in da Turanci za a rubuta shi, sifar tana iya fitowa sau uku ko huɗu. Da Hausa kuwa ko sau ɗaya ba a bukatarta, kuma ba abin da ya ɓace daga labarin. Hakimin Gwarzo na wancan zamani ma, Sarkin Dawaki Mai Tuta Alhaji Bello Dandago, ya san wannan aiki, gama yana cikin waɗanda suka karanta labaru da Hausa a rediyon Ankara, ta ƙasar Gana ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ke nan rainin da ke cikin kalmar bai ƙetaro Hausa ba. Amma En'e ta ɗauki nata nauyi dabam. A watan Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma cikin watan ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e a majalisar Kaduna. Daga nan kalmar ta zama ta gardamar siyasa: ga wasu tana nufin tsari da zaman lafiya, ga wasu kuwa danniya. Mai jin haushin "native" da Turanci yana ƙorafi ne da Bature, mai jin haushin En'e kuwa yana ƙorafi ne da hakimi.

A Turanci sifar ta soma ja da baya tun 1947, sa'ad da Sakataren Ƙasashen Mallaka, Creech Jones, ya aika wa gwamnoni takarda a kan mulkin ƙananan hukumomi, inda "local" ta fara maye gurbinta. Dokar 1967 ta sake wa kotunan alƙalai suna, gyaran 1976 kuma ya kafa ƙananan hukumomi a dukan Nijeriya.

Malamin da ke koya wa ɗalibai fassarar tsofaffin jaridu lalle ya gargaɗe su kada su nemi kalma guda a ƙamus su liƙa ta ko'ina. Sai su fara tambaya: hukuma ake nufi, ko mutum, ko raini? Wanda ya fassara duka ukun da "ɗan ƙasa" ya ɓoye rainin, ya kuma ɓad da hukumar.