Karatun musaya a Suwidin: abin da uba zai sani kafin ya kwance lalita

Tun daga Ɗan Isa har Ƙonni, ba mu rasa jin ɗan kasuwa yana cewa wani ya yi masa alkawalin kai yaronsa karatu Suwidin, in dai zai ba da kuɗin hanya. To jama'a, a yi hattara. Karatun musaya ba a sayensa wajen dillali. Jami'a biyu ne ke ƙulla yarjejeniya, wadda yaro yake ciki ita ke zaɓensa ta tura sunansa, ya je ya yi zango ɗaya ko biyu, ya komo gida ya ƙare digirinsa. Wanda ba ɗalibin jami'a ba ne, babu ƙofar da zai bi.

Dalilin da ya sa ake rububin wannan hanya a fili yake. Tun 2011 Suwidin ta ɗora kuɗin makaranta a kan ɗaliban da ba 'yan Turai ba, amma ɗan musaya ba ya biyan ko dala. Sai dai ci da kwana suna wuyansa. Wanda zai wuce wata 3 dole ya nemi takardar izinin zama, kuma a 2024 hukumar shige da fice ta ƙasar tana neman ya nuna kurona 10,314 na kowane wata, wajen jikka 590 ke nan na sefa. Tallafin Erasmus+ na Tarayyar Turai yana ba mai zuwa Suwidin yuro 900 a wata, wato da ƙyar yake rufe wannan rami. In babu tallafi, uba ya lissafa wata 5 ya ga ko jarinsa zai ɗauka.

Uppsala, wadda aka kafa a 1477, da Lund suna cikin jami'o'in da baƙi suka fi nema, kuma ɗaki na wuyar samu a garuruwan biyu cikin watan Agusta. Akwai ma Åbo Akademi a birnin Turku na Finlan, inda ake karatu da harshen Suwidin. Amma yawancin darussan baƙi da Ingilishi ake yi, abin da ke ba yaran Katsina da Sakkwato sauƙi, namu da suka tashi da Faransanci kuwa sai sun yi da gaske.

Abin da zai fi ba ɗan kasuwa mamaki shi ne sha'anin kuɗi. Shaguna da yawa a can ba su karɓar tsaba sam, sai kati, ko tura kuɗi ta waya da Swish. Shi kuma Swish yana son asusun bankin ƙasar, wanda samunsa ke da wuya ga maras lambar zama, lambar kuwa sai mai shekara guda ko fiye ake ba. Saboda haka damin takardun da uba zai canzo wajen 'yan canji ba zai yi wa yaro amfani sosai ba. A nema masa katin banki mai aiki a waje tun daga gida. Zancen tayi da ragi kuwa, ya bar shi nan tasha.

A aji, malami da sunansa na yanka ake kiransa, ko da furfesa ne mai furfura. Mu dai kunnenmu bai saba ba. Sau da yawa darasi ɗaya ake ɗauka a gama, a yi jarrabawa, sannan a shiga wani, har a tara maki 30 a zango. Nan ne wasu ke asara: in ba a sa hannu tun kafin tafiya cewa jami'ar gida za ta karɓi makin ba, yaro na iya komowa ya maimaita zangon.

Sai sanyi da duhu. A Disamba rana na faɗuwa a Stockholm wajen ƙarfe 3 na yamma, hasken yini wajen awa 6 ne kawai, azahar da la'asar da magariba duk a cunkushe. Rigar sanyin da ake sayarwa a gwanjon kasuwar Maraɗi tana iya yi, in an zaɓi mai kauri, amma takalmin ƙanƙara gara ya saya can.