FASHIN BAƘI: Tikitin kwanaki na jirgin fito a tsibiran Fiji: Yadda yake aiki da inda matafiyi ke tafka asara

Kowace safiya, kafin ƙarfe tara, wani jirgin ruwa mai suna Yasawa Flyer yakan tashi daga tashar Denarau da ke yammacin Viti Levu, babban tsibirin ƙasar Fiji, ya nausa arewa. Yana tafe yana sauke fasinja da kayansu, tsibiri bayan tsibiri, har ya kai ƙarshen zangonsa da tsakar rana, sannan ya juyo ya bi sawunsa ya iso Denarau gab da faɗuwar rana. Sawu ɗaya ke nan a yini. Wanda ya makara, sai gobe.

A kan wannan jirgi aka gina ɗaya daga cikin sanannun tikitocin zagaya tsibirai a kudancin tekun Fasifik, wato Bula Pass. Kalmar "bula" gaisuwa ce a harshen mutanen Fiji, asalin ma'anarta rai da lafiya. Maimakon matafiyi ya riƙa yankar tikiti duk lokacin da zai ƙetara daga wannan tsibiri zuwa wancan, sai ya biya kuɗi dunƙule sau ɗaya, a ba shi damar hawa da sauka na wasu ƙayyadaddun kwanaki. A ido abin ya yi kama da garaɓasa, kuma ga wasu garaɓasar ce. Ga wasu kuwa kuɗi ne da za su biya ba tare da sun ci moriyar rabinsa ba.

Ƙasar da ruwa ne hanyarta

Fiji tarin tsibirai ne fiye da 330, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke da mazauna na dindindin. Ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1970. Ƙidayar 2017 ta nuna al'ummarta ba su kai 900,000 ba, amma a 2023 baƙin da suka ziyarce ta sun haura wannan adadi. Akasarinsu a filin jirgin sama na Nadi suke sauka, wanda ke kusa da tashar Denarau.

Daga nan rukunin tsibirai biyu ne ke jan hankalin baƙi. Na kusa shi ne Mamanuca, inda aka ɗauki fim ɗin Cast Away na shekarar 2000 a wani ɗan tsibiri mai suna Monuriki. Na nesa shi ne Yasawa, tsibirai kimanin 20 da suka yi jerin gwano na tsawon kilomita 80 ko fiye. Har zuwa 1987 manufar gwamnatin ƙasar ita ce kada a buɗe Yasawa ga masu yawon buɗe ido da ke kwana a tudu. Akasarin baƙi daga cikin jirgin ruwa suke hango tsibiran su wuce. Wannan jinkiri ne ya sa har yau ba a cika samun manyan otal-otal a can ba, sai ƙananan masaukai, da dama daga cikinsu mallakar ƙauyukan yankin ko kuma a kan filin da aka yi haya daga hannunsu, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar noma da zama a Fiji mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ce, ba a sayar da ita.

Mai karanta Hausa ya yi hattara da sunayen. A rubutun Fiji harafin "d" ana furta shi "nd", saboda haka Nadi "Nandi" ake cewa. Harafin "q" kuwa "ng" ne irin na "bango", shi ya sa tsibirin Yaqeta ake kiransa "Yangeta". Shi ma "c" ba irin na "cokali" ba ne, ya fi kusa da harafin zalun na Larabci. Ba ƙaramin abu ba ne, domin da baki ma'aikatan jirgi ke shelar sunan zango.

Abin da kuɗin ya saya

Ana sayar da tikitin ne bisa adadin kwanaki, daga 'yan kwanaki ƙasa da mako guda zuwa mako biyu ko sama da haka. Kwanakin a jere suke, kuma lissafi yana farawa ne daga ranar da aka fara hawa jirgi. Babu dakatar da shi. Idan matafiyi ya samu tsibirin da ya kwanta masa a rai ya yi kwana huɗu a can, kwanakin tikitinsa na tafiya ko da ƙafarsa ba ta taka jirgi ba. Haka nan yini ake ƙirgawa, ba dare ba: tikitin kwana bakwai dare shida ne a kan tsibirai, domin a rana ta bakwai ya kamata mutum ya kasance cikin jirgin komawa.

Abu na biyu da kan ba baƙo mamaki shi ne tikitin kuɗin mota ne kawai, ba ya ɗauke da ɗaki ko abinci, sai dai in an sayi irin wanda aka haɗa da masauki, wanda farashinsa daban ne. Kuma mallakar tikitin ba ta nufin an ajiye wa mutum kujera. Kowane sawu sai an sanar da kamfanin tun da wuri, kuma sai mutum ya riga ya kama ɗaki a inda zai sauka.

Dalilin wannan sharaɗi a bayyane yake ga duk wanda ya ga yadda ake sauka. Yawancin tsibiran ba su da matsayar babban jirgi, ga duwatsun murjani sun kewaye gaɓa. Don haka jirgin yakan tsaya ne a tsakiyar ruwa, ƙananan kwale-kwale masu inji su taso daga masaukai su kewaye shi, kowanne ya kwashi baƙinsa da jakunkunansu. Duka-duka 'yan mintoci ne. Wanda bai kama ɗaki ba, babu kwale-kwalen da zai zo dominsa, kuma babu inda zai taka. Wato 'yancin "sauka inda ka ga dama" da ake tallatawa yana da iyaka, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da mutanen Ostireliya da New Zealand ke gudun hunturun ƙasashensu, ɗakuna su yi wuya.

Sai kuma abinci. Tsibiran ba su da kasuwa ko gidajen abinci da mutum zai zaɓa, don haka masaukai da yawa suna wajabta wa baƙo biyan kuɗin abincin yini, ko ya ci ko bai ci ba. Wannan kuɗi, idan aka tara shi na mako guda, yana iya yin gogayya da kuɗin tikitin kansa. Duk lissafin da bai sa shi a ciki ba, lissafin dokin rano ne.

Yaushe yake da riba?

Hanyar ganewa ɗaya ce: a zauna da takarda da biro kafin a biya. Farashin tikitin ɗai-ɗai yana bin nisa ne. Dogayen sawu biyu, wato daga Denarau zuwa arewa da kuma dawowa, su ne masu tsada. Tsallakawa tsakanin tsibirai maƙwabta bai kai haka ba. Matafiyi ya rubuta duk zangon da yake son yi, ya duba kuɗin kowane sawu a jadawalin kamfanin, ya tara, sannan ya gwada da kuɗin tikitin kwanaki.

Abin da lissafin kan nuna shi ne: mai niyyar zuwa tsibiri ɗaya ya huta ya dawo, ko tsibirai biyu na kusa, ba ya buƙatar tikitin kwanaki. Wanda zai kai har arewa, wajen Nacula ko Tavewa, ya kuma tsaya a wurare uku ko huɗu a hanya, shi ne aka yi tikitin dominsa.

Sai dai akwai tarko a nan. Da zarar mutum ya biya dunƙule, sai zuciya ta riƙa raya masa cewa duk ranar da bai hau jirgi ba ya yi asara. Sai ya mayar da hutu gudun fanfalaki, yau nan gobe can, yana kwance jaka yana ɗaurewa. A ganina, dare biyu shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a ba kowane tsibiri. Dare ɗaya bai wuce isowa da sallama ba.

Jadawalin jirgin ma yana da nasa tasiri a kan tsarin tafiya. Tunda da safe yake haurawa arewa, da yamma ya gangaro kudu, duk mai matsawa arewa da hantsi zai bar masaukinsa, mai gangarowa kudu kuwa sai bayan azahar. Mutane da yawa sun fi son su shanye doguwar tafiyar a ranar farko, kusan awa biyar zuwa ƙarshen arewa, su ga kogon Sawa-i-Lau, sannan su riƙa gangarowa sannu a hankali ta Naviti da Waya da Kuata. Amfanin haka shi ne a kwanakin ƙarshe mutum yana kusa da babban tsibiri, ko da wani abu ya taso. Mai son ganin manta, wani ƙaton kifi mai faffaɗan jiki kamar tabarma, sai ya sa mashigin da ke kusa da tsibirin Drawaqa cikin zangonsa, tsakanin Mayu da Oktoba.

Kafin a biya, a karanta sharuɗɗa uku da kyau: sau nawa aka yarda a hau a yini guda, ko komawa Denarau a tsakiyar tafiya na kashe ragowar kwanakin, da kuma abin da zai faru da kuɗin idan aka soke sawu. A kuma sani cewa tikitin na kamfani ɗaya ne. Akwai ƙananan jirage masu gudu da jiragen sama masu sauka a kan ruwa da ke zirga-zirga a yankin, amma ba sa karɓarsa.

Iska da ruwa

Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce a Fiji, kuma lokacin guguwar teku ne. A ranar 20 ga Fabrairun 2016 guguwar Winston ta afka wa ƙasar, ta hallaka mutum 44, ta rushe dubban gidaje. Ba sai an kai ga irin wannan ba kafin a dakatar da jirgi; gargaɗin iska mai ƙarfi ya isa. Idan hakan ta faru, baƙo yana nan inda yake, yana biyan ɗaki da abinci, ɗakin da ya kama a tsibiri na gaba kuma yana jiransa a banza. Nan ne inshorar tafiya ke da rana, in dai ta ƙunshi jinkirin da yanayi ya haddasa.

Rani, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi kwanciyar hankali, amma iskar kudu maso gabas kan tayar da igiyar ruwa. Mai saurin jiri ya sha magani kafin ya hau, ya zauna a ƙasa ta wajen baya. Fasfo da waya a sa su a leda mai ɗauri, domin sauka a kwale-kwale ba ya rasa fantsamar ruwa, wani lokaci ma sai an tsunduma ƙafa kafin a kai yashi. A riƙe tsabar dalar Fiji daga Nadi, tunda babu na'urar cirar kuɗi a tsibiran Yasawa.

Ga matafiyi daga wannan yanki namu

Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da Fiji ta ɗauke wa neman biza kafin zuwa yawon buɗe ido, ko da yake irin wannan doka takan sauya, don haka a tabbatar kafin a yanki tikitin jirgin sama. Wahalar tana hanya. Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga Afirka zuwa Fiji, dole a yada zango, kuma Ostireliya, wadda jirage da yawa ke bi ta cikinta, tana neman bizar wucewa daga mai fasfon Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Agogon Fiji yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 11, saboda haka kwana guda a Nadi kafin a fara ƙirga kwanakin tikiti ba almubazzaranci ba ne.

Musulmi kusan kashi 6 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, akasarinsu jikokin leburorin da Turawan Birtaniya suka kwaso daga Indiya tsakanin 1879 da 1916 domin aikin gonakin rake. A Nadi da Lautoka akwai masallatai da naman halal. A ƙauyukan Yasawa kuwa Kiristoci ne, kuma tunda abincin masauki na dole ne, mai kiyaye abin da zai ci ya rubuta musu tun kafin ya iso. Kifi da rogo da gwaza da kwakwa ba sa yankewa. Idan za a shiga ƙauye, ana rufe kafaɗa da gwiwa, ana cire hula, ana kuma kai wa mai gari gaisuwar saiwar kava, abin da suke kira sevusevu. Ranar Lahadi harkoki kan tsaya cik.

Kada kuma a ɗauka ko'ina haka tsarin yake. A Seychelles, inda tafiya daga Mahé zuwa Praslin ke cin kimanin awa guda, daga Praslin zuwa La Digue kuma minti 15, tikitin sawu-sawu aka saba yanka, haka ma tsakanin Darussalam da Zanzibar. A Maldives jiragen fito na jama'a suna da araha ƙwarai, amma da yawansu ba sa aiki ran Juma'a.

A Fiji dai, ranar ƙarshe ita ce mai haɗari ga aljihu. Jirgin yakan iso Denarau da yamma liƙis, kuma tsayawar da yake yi a zango da yawa na iya ja masa jinkiri. Wanda ya sa jirginsa na sama a daren ranar ya jingina tikitin dubban daloli a kan sawu ɗaya tilo. Masu shirya tafiye-tafiye sukan ba da shawarar a dawo Nadi kwana guda kafin ranar tashi, a kuma sa kuɗin wannan dare cikin lissafi tun farko.