Allurar sanƙarau mai jure zafin rana

Duk mai sayar da nono ta san ɓarnar zafi. Haka allurar rigakafi take: in zafi ya daki sinadarin furotin da ke cikinta, siffarsa ta lalace, ƙarfin maganin ya ragu. Shi ya sa ake ajiye ta a firijo, tsakanin digiri 2 da 8.

Amma MenAfriVac, allurar sanƙarau da ta iso Nijar a 2010, busasshen gari ce. A 2012 aka yarda ta yi kwana 4 ba ƙanƙara, muddin zafi bai wuce digiri 40 ba. A Banikowara ta ƙasar Benin aka soma. Ke nan tana kaiwa ƙauyen da babu lantarki da ƙarfinta. Iyaye mata, in ma'aikatan lafiya sun zo, a kai yara.