Zabura a Bakin Kiristan Hausa: Misali daga Miga da Fadamun Haɗeja

1. Sunan da littafin

Kalmar Zabura ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Daga Larabci ta shigo tare da karatun Alƙur'ani, inda aka ambace ta a surorin Nisa'i da Isra'i da Anbiya'i, biyu na farkon kuwa sun ce littafi ne da aka ba Annabi Dauda. Saboda haka masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ba su ƙago mata suna ba, sun tarar da shi a bakin mutane. Littafin kansa waƙoƙi ne da addu'o'i 150 waɗanda aka tsara da Ibrananci, aka kasa su kashi biyar, 73 daga cikinsu an jingina su ga Dauda.

J. F. Schön ne ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa cikin ƙarni na 19, da taimakon Dorugu. Cikakken littafin ya fito a 1932, Dokta Walter Miller na mishan CMS a Zariya yana cikin manyan ma'aikatansa, aka kuma sake sabuwar fassara kusan shekara hamsin bayan wannan. A ƙasar Haɗeja mishan SIM ta zauna a Garun Gabas, daga aikin wannan mishan ne kuwa ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Kiristocin wannan yanki tsiraru ne a tsakiyar Musulmi, amma harshen addu'arsu ɗaya ne da na maƙwabtansu: Allah, Ubangiji, gafara, jinƙai, tuba.

2. Abin da ya tsira a fassara

Rubutacciyar waƙar Hausa tana tsaye ne a kan ƙafiya da ma'aunin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. In an juya ta zuwa wani harshe, duka biyun su kan zube. Waƙar Ibrananci kuwa ginshiƙinta jerin ma'ana ne: a faɗi magana a layi na fari, layi na biyu ya maimaita ta da waɗansu kalmomi, ko ya kishiyance ta, ko ya ƙara mata. Tun da ya ke ma'ana ce a ke jerawa, wannan tsari ya kan ƙetare zuwa Hausa lafiya.

Har wa yau ya dace da kunnen Bahaushe ta fuska biyu. Ta farko, waƙar baka jagora ne da 'yan amshi, don haka in mai karatu ya ɗauki rabin aya jama'a suka amsa da ɗaya rabin, ba wani baƙon abu aka yi ba. Zabura 136, wadda kowace ayarta ke ƙarewa da amshi guda, kamar don wannan aka yi ta. Ta biyu, yadda a ke jera wa Allah laƙabai, a kira shi dutse da garkuwa da mafaka, tsarin kirari ke nan.

Abin da ya ɓace shi ne wasan haruffa. Zabura 119 tana da kashi 22, ɗaya ga kowane harafin Ibrananci, kowane kashi aya takwas masu farawa da harafi guda, jimla aya 176. Malaman ajami sun san irin wannan gwaninta, amma mai karanta fassara ba ya ganinta. Akwai kuma wata asara a wajen rerawa. Waƙoƙin sujada da aka ɗora a kan muryoyin Ingila su kan ja gajeren wasali su datse dogo, su bi ta kan karin sauti, alhali da waɗannan ne Hausa ke bambanta kalma da kalma. Waƙoƙin Zumuntar Mata, masu jagora da amshi da kiɗan tulu, sun fi kiyaye harshen.

3. Ruwa da gona

An yi Zabura a ƙasar tuddai mai ƙarancin ruwa. Miga kuwa, wadda ke ƙarƙashin masarautar Dutse a Jihar Jigawa, tana kwarin kogin Haɗeja, inda ruwa ne arziki, shi ne kuma masifa. Da shi a ke noman shinkafa da lambu da su, shi ke cinye gona da gida. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sāke, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa.

Wannan ya kan juya yadda a ke jin littafin. Zabura 42 ta kamanta marmarin Allah da ƙishin dabbar daji, abin da mutumin tudu ya fi ganewa. Amma Zabura 69 da 124, inda mai addu'a ke kukan ruwa zai sha kansa, ga mai karatu na birni misali ne na baƙin ciki, ga wanda ya kwashe iyalinsa cikin kwalekwale kuwa labarin abin da ya same shi ne. Zabura 65 godiyar kaka ce, tana zancen kunyoyi da suka sha ruwa da kwaruruka cike da hatsi. Zabura 126 ta haɗa shuka da hawaye, girbi da murna, watau halin manomin da ya ranto iri bayan ruwa ya ci na fari. Ta 121 ta matafiyi ce, ta 90 ta jana'iza, ta 51 ta mai tuba. Amfanin wannan babba ne: littafin ya ba mai bi izinin kai ƙara gaban Allah da kalmomin da ba za a ce ya yi saɓo ba.

4. Wurare biyu masu santsi

Na farko shi ne mai da Zabura laya. A ƙasar da aka saba da rubutun sha da laya, da sauƙi mutum ya buɗe Zabura 91 ya sa a ƙarƙashin matashi, yana zaton takardar ce ke tsaro. Koyarwar ikilisiya ita ce addu'a magana ce da Allah, ƙarfinta ba a tawada ya ke ba. Linjilar Matiyu ma ta nuna Iblis ya ɗauko wannan Zabura ɗin don ya jarabci Yesu.

Na biyu shi ne Zaburan la'ana, masu roƙon halaka ga maƙiya. Ikilisiyar Katolika ta fitar da 58 da 83 da 109 daga littafin addu'o'inta na kullum cikin gyaran da ya fito a 1971. Ga jama'a kaɗan da ke cin kasuwa ɗaya da maƙwabta, suna tare bakin kogi ɗaya da buhunan yashi, tambayar wane ne maƙiyin ba ta wasa ba ce. Mafassara da yawa sun lura cewa mai addu'ar bai ɗauki makami ba, ya bar sakayya a hannun Allah, Linjila kuma ta umarci mai bi ya yi wa maƙiyinsa addu'a.

Malamin kwalejin horon malamai da zai koyar da waɗannan waƙoƙi, ko a darasin addini ko a na adabi, ya kamata ya sa ɗalibai su karanta su da murya, jagora da amshi, su kuma gwada su da kirari da waƙoƙin wa'azi na Hausa. Ta haka za su ga abin da fassara ta riƙe da abin da ta saki.