Shuɗin Mai: An Raba Mota da Dalma, An Bar wa Ƙaramin Jirgi

A ranar 30 ga Agustan 2021 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar cewa an daina sayar da fetur mai dalma a faɗin duniya. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe, nata ya ƙare a gidajen mai a watan Yulin shekarar. Aka yi ta barka da arziki. Sai dai shelar mota da babur ta shafa. Ƙananan jiragen sama masu injin fiston, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su ko masu hali ke yawon shan iska a ciki, har gobe mafi yawansu da fetur mai dalma suke tashi, kuma doka ta san da zamansu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Gusau da man jirgi, mu da sai a Yunin 2024 aka ƙaddamar da aikin babban filin jirginmu? Ruwanmu shi ne dalmar. Da wuya a sami mutanen da suka san ta kusa da kusa kamar Zamfarawa, don mu ba a littafi muka karanta ta ba.

Wajen watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, shi ke nan. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. A gida wasu suka ce iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Sai da aka aika jinin yaran Turai aka auna, sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce. A ƙauyuka biyu da masu bincike na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka bi gida-gida, sun tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Na'urar gwajin da suka zo da ita ba ta iya ƙirga sama da 65 a ma'aunin dalmar jini, kuma jinin yara da yawa ya wuce nan, alhali a yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa daga 5 a tashi tsaye a nemo inda dalmar ke fitowa. Jimillar yaran da aka rasa a Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Bagega da maƙwabtansu ta haura 400.

Yadda abin ya faru babu wani sihiri a ciki. Dutsen zinaren wajen haɗe yake da dalma mai yawa. Magidanci zai ciko buhu daga rami ya kawo gida. A farfasa da guduma, mata su daka a turmi, ko a zuba a injin niƙa irin na hatsi, ƙura ta turnuƙe gidan. A wanke garin, a sa zaiba ta kama zinaren, ragowar a shanya ko a zubar nan tsakar gida. Yaro mai rarrafe kuwa tsakar gida ce duniyarsa, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki za shi. Cikin yaro ya fi na babba tsotsar dalma sau huɗu zuwa biyar, jikinsa na ɗaukarta a matsayin sinadarin gina ƙashi, ta zauna a ƙashi da haƙori, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Shi ya sa likitocin suka ƙi fara magani sai an kankare ƙasar gidajen an kwashe, an zuba sabuwa, domin ba shi da amfani ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Bagega sai 2013 aka share ta, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan lamba ta saki kuɗin.

To ita wannan dalmar ce wasu masu ilimi suka ɗauka da gangan suka zuba a fetur. Duk bakaniken da ke Tudun Wada ya san ƙarar injin da ke ƙwanƙwasa, wato wani ɓangaren man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi, saboda matsi da zafi. A Disambar 1921 wani injiniya mai suna Thomas Midgley, a kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗan ɗigon wani haɗin dalma na hana wannan ƙwanƙwasar. A 1923 aka fara sayarwa da sunan Ethyl, sunan da aka zaɓa babu dalma a cikinsa. A shekarar da ta biyo, ma'aikata biyar suka haukace suka mutu a wata matatar Standard Oil da ke jihar New Jersey. Aka ɗan dakata, aka ci gaba. Amurka ba ta haramta shi ga motoci kwata-kwata ba sai 1996. Mu a nan, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, kuma zuwa farkon 2006 duk sun cika.

Ina yawan tuna 'yan bumburutun bakin titi a Tsafe lokacin wahalar mai ta shekarun 1990. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai zura tiyo a tankin mota, ya zuƙa da baki har man ya taso, ya tofar da na bakinsa, ya goge da hannun riga, ya karkata tiyon cikin galan. Bakanike kuma da fetur yake wanke baƙin mai daga hannunsa kafin ya sa hannu a kwanon tuwo. Duk wannan man mai dalma ne, ba wanda ya gaya mana. Yau ɗin ma zuƙar fetur ba abin yi ba ce, amma aƙalla an cire guba ɗaya daga ciki.

Jirage kuwa iri-iri ne, kuma a nan mutane kan rikice. Manyan jiragen da ke kwasar alhazai, da masu zirga-zirga tsakanin Abuja da Sakkwato, da mafi yawan masu saukar ungulun da muke ji a samanmu, kananzir na musamman suke sha, babu dalma a ciki. Wanda ake magana shi ne ƙaramin jirgi mai kujeru biyu zuwa shida, wanda injinsa ɗan'uwan na mota ne, da fiston da bawul da fulogi. Mansa fetur ne mai ƙarfin 100, ana kiransa 100LL, kuma kowace lita na iya ɗaukar dalma har giram 0.56. Rina shi ake yi shuɗi don kada a haɗa shi da wani. Kafin ya tashi, matuƙi zai durƙusa ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi, ya tsiyayo man, ya ɗaga shi sama ya duba ko shuɗin ne, ko akwai ɗigon ruwa a ƙasa. Daga nan ya kai jirgin bakin titin tashi, ya taka birki, ya ba injin wuta sosai don ya gwada shi. A daidai wannan wurin aka fi samun dalma a iska. Har wani sinadari ake ƙarawa a man don kada dalmar ta daskare a fulogi, aikinsa ya kore ta ta salansa. Wato injin ya tsira, ta faɗa kan wanda ke ƙasa.

A Amurka akwai irin waɗannan jirage kusan 170,000, kuma hukumar muhallin ƙasar ta ce su ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar da ke shiga iskar ƙasar. Wani bincike da aka buga a 2011 a jihar North Carolina ya nuna yaran da ke zaune cikin kilomita ɗaya daga filayen jirgi sun fi sauran yawan dalma a jini. Shekara goma bayan nan aka sami irin wannan sakamako a unguwannin da ke kewaye da filin Reid-Hillview a birnin San Jose na Kalifoniya, unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ne, har hukumar gundumar ta hana sayar da man a filin daga Janairun 2022. A Oktoban 2023 hukumar muhallin Amurka ta ayyana a hukumance cewa hayaƙin na cutar da lafiyar jama'a.

Kada a ɗauka ina daidaita San Jose da Dareta. Sam. Can ƙarin ɗan kaɗan ne, ba mai jijjiga, ba mai suma. Amma likitoci sun daɗe da cewa dalma ba ta da gwargwadon da za a ce ba komai. Kaɗan ɗin ba ta kisa, sai dai ta rage wa yaro kaifin basira da natsuwa, abin da ba a gani sai ya shiga aji, malam ya yi ta dukansa yana cewa daƙiƙi ne. Kuma abin da ta rage ba ya dawowa.

Me ya hana a daina? Masu jiragen na da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mota in ta ƙwanƙwasa sai ka gangara gefen titi; jirgi ba shi da gefen titi. Mafi yawan ƙananan jiragen za su iya tashi da mai marar dalma, amma masu manyan injuna, waɗanda su ne suka fi shan man, sai mai ƙarfin 100. Ƙaramin filin jirgi kuma sau da yawa tanki ɗaya gare shi, don haka kowa ya sha na mai babban inji. Ga jiragen na da tsawon rai, na shekarun 1960 da 1970 na nan suna tashi, sauya musu inji kuwa kuɗi ne mai yawa. Kasuwar man ma ƙarama ce, ba ta kai manyan kamfanoni su zuba dukiya a bincike ba. Duk da haka, a Satumbar 2022 hukumar jiragen saman Amurka ta amince da wani mai marar dalma mai ƙarfin 100 da wani ƙaramin kamfani, GAMI, ya haɗa a jihar Oklahoma, kuma hukumar ta sa wa kanta ƙarshen 2030 a matsayin wa'adi. Ana ta jayayya kan farashinsa da yadda yake yi wa fenti da robobin tanki.

Ni dai idan na ji wannan hujjar, muryar mai haƙar zinare nake ji. Shi ma ba ƙarya yake yi ba in ya ce, “In na bari me za mu ci?” Bambancin shi ne, shi an turo masa jami'an tsaro an ce jahilci ne, wancan kuwa an ba shi wa'adi bayan wa'adi tun motoci suka daina. Wanda ke cin moriyar dalma da wanda ke shaƙarta ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba, sai dai a ƙauyukanmu, inda uba ne ya kawo ta gida da hannunsa don ya ciyar da yaran da ta kashe.

A Najeriya inda wannan man ya fi aiki shi ne makarantun koyon tuƙi, kuma babbarsu na nan kusa, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Shekara da shekaru da jirage irin su Tampico da Baron take horar da matuƙa, duk masu shan shuɗin mai. Matatunmu ba sa yin sa, shigo da shi ake yi, ga tsada ga wuyar samu. Wannan na cikin abin da ya sa kwalejin ta koma sayen jiragen Diamond, ƙirar Ostiriya, masu injin da ke shan kananzir ɗin manyan jirage. Tsada ce ta kore su, ba tsoron dalma ba, amma yaran Samaru da Palladan da jiragen ke shawagi a kansu sun ci riba ko ba su sani ba. A filin Gusau ma haka nake fata, kuma tun yanzu ya kamata hukumar tsara birni ta hana a yanka filaye a gina gidaje da makarantu a jikin katangarsa, don mun san halinmu, duk inda aka yi kwalta washegari an kafa shago.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba daga sama barazanarmu take ba. A 2015 irin abin da ya faru a Anka ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A nan gida MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, ko da yake kowa ya san ramukan ba su taɓa zama babu kowa ba. Wata huɗu bayan nan, a Afrilun 2025, sai ga rahoton ɓullar gubar dalma a ƙaramar hukumar Bunguɗu, har ministan ma'adinai Dele Alake ya umarci masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba su bar wuraren. Bunguɗu fa, ba wani lungu mai nisa ba, daga Gusau 'yar ƙaramar tafiya ce a kan hanyar Sakkwato.

Akwai kuma ƙofofin da ba mu kula da su. Masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalmarsa a bayan kasuwa. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe. Wasu fentin mai. Da tozali, wanda na san zan sha suka a kansa wajen iyayenmu mata. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu da dalma a jini, aka bi diddigi har kan kwallin da ake sa masa a ido, wanda aka kawo daga gida. Da aka auna shi, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Dutsen tozalin nan mai ƙyalli shi kansa dutsen dalma ne, kuma jariri na murza ido ya kai hannu baki.

Gwajin jinin ba wani babban aiki ba ne. Ɗan yatsa ake tsira, ɗigo ɗaya, cikin 'yan mintuna sakamako ya fito, na'urar kuma za ta shiga jakar hannu. Ita nake so in gani a ɗakin awon yara na Bunguɗu da Tsafe da Gusau, a ajiye kusa da sikeli, a riƙa tambayar uwa ko maigidanta na zuwa rami, da kuma inda yake tuɓe kayan aikinsa in ya dawo.